Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa: in bi ƙasa yadda take, ko in miƙe layukan?

Razak Newtown

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara kan wani aiki da ya hana ni barci yau kusan sati uku.

Ni ɗan Nima ne, ina aikin zane da kwamfuta a wata maɗaba'a a Newtown. Katin biki, kalanda, fostar 'yan takara, takardar sadakar arba'in, da su nake cin abinci. Matasan unguwarmu suna shirin baje kolin yadda muke fatan ganin Akra a 2057, shekarar da Ghana za ta cika 100 da samun 'yanci, sai aka ɗora mini zana taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na san ba mu da shi. A nahiyar nan ma Alƙahira ce ta fara a 1987, Aljiyas ta biyo baya a 2011. Amma na riƙe aikin da hannu biyu, domin in na ƙware a wannan, niyyata in yi ta trotro, wato motocin hayarmu na cikin gari, da irin dabarar, wadda mutane za su amfana da ita tun yanzu.

Layi uku na shimfiɗa. Ja ya taso daga Adenta, ya bi Madina, Legon, Shiashie, 37, ya ƙare a Makola. Kore daga Amasaman, Achimota, Circle, Adabraka zuwa Tudu. Shuɗi daga Mallam, Odorkor, Kaneshie, Circle, Newtown, Nima, Mamobi, ya haɗu da ja a 37.

Da farko taswirar Landan na kwaikwaya, don ita kowa ke yabo. Wani ma'aikacin zane mai suna Harry Beck ne ya tsara ta a 1931, aka buga ta a 1933. Kafin shi ana ƙoƙarin bin lanƙwasar hanya yadda take, sai tashoshin tsakiyar gari su cunkushe wuri guda, na bayan gari kuma su watse. Shi ya ce wanda ke cikin rami bai damu da abin da ke bisa kansa ba, abin da yake so ya sani shi ne tasha nawa suka rage, kuma a ina zai canza jirgi. Sai ya miƙe layukan: ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace digiri 45, tazarar tashoshi kuma kusan iri ɗaya. Na yi haka, wallahi ta yi kyau. Maigidana a wurin aiki da ya gani ya ce in buga masa ɗaya ya manna a ofis.

Daren ranar bayan sallar isha'i na kai wa Babana. Shekara huɗu ke nan da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. A cikin gida da sanduna yake tafiya, in za a fita nesa sai keke. Yana zaune kan benci a tsakar gida, sandunan a jingine da bango, carbi a hannu. Ya sa tabaransa, ya shimfiɗa takardar a cinya, ya daɗe yana bin layin shuɗi da yatsa. Can sai ya ce, "Razak, ina Gota?" Babbar kwatar ruwan unguwarmu yake nufi. Na ce ban sa ba. Ya ce, "To ina teku?" Na ce ita ma ban sa ba, ai taswirar jirgi ce. Ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya sake juyo ta, ya ce, "To ta yaya zan san inda gidana yake?"

Daga nan ya ware yatsu biyu ya auna Nima zuwa Mamobi, ya ɗaga su a haka bai canza ba, ya ɗora kan Achimota zuwa Amasaman. Suka zo daidai. Ya dube ni ya ce, "Nima zuwa Mamobi, da ƙafafuna biyu, kafin shayi ya huce na kai. Amasaman kuwa tafiya ce. Baƙon da ya riƙe wannan takarda zai biya kuɗi ya shiga rami don abin da zai taka da ƙafa, ko ya ce bari ya taka abin da zai kashe shi." Ban sami ta cewa ba. Sai ya ƙara wadda ta fi ci mini rai: "Ramin nan, in na je da kekena, wa zai sauke ni, wa zai hau da ni? A ina takardarka ta faɗa?"

Washegari na watsar da ita na fara sabuwa. Na ɗauko taswirar garin daga OpenStreetMap na bi tituna yadda suke, kowace tasha a gurbinta na gaskiya. Nan kuma wata matsalar ta ɓullo. Circle, Adabraka, Tudu da Makola suka haɗu kamar kifi a gwangwani, sunaye na hawa kan juna. Sai da na ƙanƙance rubutun sosai kafin ya shiga, Baba ko da tabarau bai iya karantawa ba. Ta wajen Amasaman da Adenta kuwa fili ne fetal, rabin takarda babu komai.

Yanzu ina tsakiya. Ta farko ana karantawa amma tana ɓatar da ƙafa, ta biyu gaskiya ce amma idon tsoho bai kama ta. Akwai hanyar da za a haɗa su a takarda ɗaya? Kuma wace alama ya kamata in sa wa mai keke, da mai raunin gani, da uwayenmu na kasuwa da ba su yi boko ba? Wanda ya taɓa hawa irin jirgin nan, ko yake aikin taswira, don Allah ya taimaka.

Issaka Safiyo, Asawase

Wa alaikumus salam. Razak, ka gaishe mini da Baba, tambayoyinsa tambayoyin masu aikin ne.

Ni aikin awon ƙasa nake yi a nan Kumasi shekara 19. Abin da za ka fara yarda da shi shi ne babu taswirar da ba ta bar wani abu a baya ba. Aikin mai zane shi ne ya zaɓi abin da zai bari da saninsa.

Rigimar da kake ciki an yi ta a New York a bainar jama'a. A 1972 suka fitar da taswirar Massimo Vignelli, irin ta Beck, layuka a miƙe. Ruwan da ya kewaye garin bai yi shi shuɗi ba, babban lambun nan Central Park da yake dogo sai ya fito kusan murabba'i, wasu tashoshin ma ba a gefen titin da suke ba. Mutane suka yi ta ƙorafi, har a 1979 aka maye ta da wadda take nuna tituna da unguwanni. Ita ce ta zauna sama da shekara 40, sai a 2025 suka sake komawa ga mai kama da ta Vignelli. Ka ga ke nan kowane ɓangare yana da hujja.

Shawarata, ka bar tunanin dole ma'auni ya zama ɗaya a duk takardar. Ka ɗauka a kan roba ka zana garin. Ka ja tsakiya ya buɗe, daga Circle zuwa Makola, ka matse gefuna, amma kada ka bari robar ta murɗe. Arewa ta zauna a sama. Tashar da ke gabas da kogin Odaw kada ta tsallaka yamma don layinka ya yi kyau. Inda hanya ta yi babbar kwana, layin ma ya yi, ko da ka share ƙananan lanƙwasa. A wuraren da ka matse sosai, ka rubuta kilomita a jikin layin, mai karatu ya san an rage.

Mu nan in za a yi, Kejetia, Adum da Asafo duk mai lafiya da ƙafa yake haɗa su, Ejisu kuwa sai mota. Taswirar da ta daidaita waɗannan ta cuci baƙo.

Batun Gota da teku, Baba ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Beck da kansa, duk da ya share tituna kaf, ya bar kogin Thames. A 2009 aka cire kogin don a rage cunkoso, mutanen Landan suka yi ca, cikin 'yan watanni aka mayar da shi. Ka sa bakin teku, ka sa tafkin Korle, ka sa Odaw da gotar Nima da ke zuba cikinsa, da launi mara ƙarfi don kada su danne layukan. Ni a wurina ruwan nan ya wuce ado. Duk wanda ya san ambaliya da gobarar da suka faru a Circle daren 3 ga Yuni 2015 ya san ruwa a garinku ba abin wasa ba ne, kuma tasharka mafi girma a bakin Odaw ka ajiye ta. Ko a taswirar mafarki, gara mai kallo ya ga haka.

Zuwera, Landan

Salamu alaikum. Ƙanena Razak, ni 'yar Mamobi ce, gidanmu bai da nisa da kasuwa. Na karanta maganar Baba sai da hawaye suka zo mini, don irin tambayar da nake yi kusan kullum ke nan. Shekara 14 ina aikin kula da tsofaffi a nan, kuma rabin aikina tura keke ne.

Bari in fara da abin da Baba ya auna da yatsa. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden mita 260 ne kacal. Kafin ka sauka ƙasa, ka jira jirgi, ka sake hawowa, mai ƙafa ya daɗe da isa. Amma kullum baƙi suna biya su hau. A can ƙarshen layin Metropolitan kuwa, daga Chalfont & Latimer zuwa Chesham ya haura kilomita 6. A taswira ba za ka taɓa zaton bambancin ya kai haka ba. Shi ya sa a 2015 suka fitar da wata daban, layukan dai su ne, sai aka rubuta minti nawa ne a ƙafa tsakanin kowace tasha da ta gaba a tsakiyar gari. Ɗan ƙaramin lamba ne a jikin layi, amma ya fi mini komai amfani. Ka yi wannan.

Sai keke. A taswirarmu akwai alamar keken guragu iri biyu, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai sha wahala. Shuɗiya tana nufin daga titi har cikin jirgi babu matakala. Fara tana nufin za ka kai bakin jirgi, amma tsakanin dandamali da ƙofar jirgin akwai tudu ko gibi, sai ma'aikaci ya kawo ƙarfen da ake shimfiɗawa keke ya hau. Tashoshin 272 ne, waɗanda ke da alamar kuwa kusan ɗaya cikin uku. Sauran, ga wadda nake turawa, kamar babu su. In na buɗe taswira ni ba layi 11 nake gani ba, ɗigo-ɗigo nake gani, ina lissafin yadda zan haɗa su. Kuma kada ka ce duk inda ke da lif ya wadatar. Covent Garden ɗin nan tana da lif, masu ƙarfin hali kuma su taka matakala 193, amma bayan ka fita daga lif ɗin akwai sauran 'yan matakalu kafin dandamali. Waɗannan kaɗan ɗin sun isa su hana mai keke.

Wata rana da sanyi na ɗauki tsohuwar da nake kula da ita zuwa ganin likitan ido. Na duba taswira tun dare, tashar da za mu sauka alamarta shuɗiya. Muka sauka, jirgi ya wuce, muka isa bakin lif sai ga takarda an manna: ya lalace. Ga matakala mai tafiya da kanta a gabanmu, mutane suna ta hawa, mu kuwa muna tsaye. Ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, ita da ya kamata a ba haƙuri. Sai da muka jira wani jirgin, muka wuce tasha biyu, muka fito, muka dawo da bas. Mun rasa lokacin likita. Takarda ba za ta iya faɗa maka lif ya lalace yau ba, amma za ta iya nuna maka tasha mafi kusa da za ka koma in hakan ta faru, da lambar wayar da za ka kira. Ka bar wa wannan wuri.

Wani abin kuma, da'irar da ake sawa inda layi biyu suka haɗu. A takarda ɗigo ne guda, a ƙasa wani lokaci tafiya ce mai tsawo cikin lungu, kamar a Green Park. A Circle ɗinka ka rubuta minti nawa ne daga kore zuwa shuɗi.

Malam Issaka, ka yi haƙuri, a nan na ɗan saɓa da kai. Dabarar robar tana da kyau, amma taura biyu ba ta taunuwa. In aka zuba komai a fuska ɗaya, tsoho zai gaji kafin ya sami abin da yake nema. Nan akwai ta manyan baƙaƙe daban, ta baƙi da fari daban, ta masu keke daban, har da wadda ke nuna inda jirgi ke cikin rami da inda yake fili saboda masu tsoron matsatsi. Razak ma'aikacin maɗaba'a ne, ya san takarda fuska biyu gare ta. Gaba ya sa layuka, baya ya sa tsakiyar gari yadda yake da tituna da ƙofofin fita.

Tunda naka ba a gina ba tukuna, ka yi kowace tasha babu matakala, ka rubuta haka da manyan baƙaƙe a sama. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, duk tashoshinsa 41 mai keke yana kaiwa dandamali. Mu a gida muna da dokar naƙasassu tun 2006, aka ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara, wa'adin ya cika a 2016. Yaran da za su zo baje kolin su tashi da sanin cewa haƙƙi ne.

Baba Fuseini, Madina

Jikana ne yake rubuta mini. Na yi tuƙin trotro shekara 31, akasari Madina zuwa Circle da Madina zuwa Akra.

Ɗana, ni abu ɗaya zan ce, suna. Ka rubuta sunan da yaron mota yake kira. Ban taɓa jin fasinja ya ce a sauke shi a Kwame Nkrumah Interchange ba, Circle yake cewa. 37 ma lambar asibitin sojoji ce ta zama sunan wurin. In met, wato yaron mota, ya leƙo yana kiran Akra, kowa ya san cikin gari yake nufi, wajen Makola da Tudu. In ka bi sunan takardar gwamnati, tsohuwa za ta riƙe taswirarka ta wuce tasharta.

Kuma mu ba da baki kaɗai muke magana ba. Mai zuwa Circle yatsa yake juyawa a iska, direba ya gani tun daga nesa ya tsaya. Matan da na ɗauka shekara da shekaru da kwandunansu, da yawa ba su san A ba, amma babu wadda ta taɓa ɓata. Da me suke ganewa? Da masallaci, da gidan mai, da gada, da babbar bishiya. Ka zana musu waɗannan.

Da Allah ya kai ni aikin hajji na hau jirgin nan na Mina, Muzdalifa da Arfa. Ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne, a kan gada yake. Tasha tara ce, uku a kowane wuri, an sa musu 1, 2, 3. Ni ba na jin Turanci sosai, Larabcina na sallah ne, amma lamba na riƙe ban ɓata ba.

Ka ce wa mahaifinka ina yi masa sannu, Allah ya sa kaffara ne.

Mutala Ashaiman

Oga Razak, ni tun layinka na farko na tsaya. Ja da kore. Ina cikin waɗanda ba sa bambance su sosai, ban ma sani ba sai da na je koyon aikin waya, maigidana ya lura ina haɗa abin da bai kamata ba. A Turai ana lissafin namiji ɗaya cikin 12 haka yake. Layukanka biyu ɗin nan duk cikin gari suka nufa, can ƙasa za su matso kusa da juna, ni kuwa layi ɗaya zan gani ya rabu biyu.

Gwaji mai sauƙi: ka ɗauki taswirar ka yi mata fotokwafi baƙi da fari. In har ana iya bin kowane layi, ta yi. In ba haka ba, ka bambanta su da wani abu bayan launi, ɗaya ya yi duhu ɗaya haske, ko ɗaya da farin zare a tsakiya. Dama rabin mutanen da za su riƙe ta fotokwafi za su samu.

Maganar lamba da Baba Fuseini ya kawo, Tokyo haka suke yi tun 2004: kowane layi da harafinsa, kowace tasha da lambarta. Tashar Ginza a layin Ginza G09 ce. In kana 09 za ka 12, ka san saura uku, kuma in ka ga 08 ka san ka hau mai komawa baya. Batun hoto kuma, a birnin Meziko tun da aka buɗe a 1969 kowace tasha da tambarinta, Lance Wyman ne ya jagoranci zanen, saboda waɗanda ba sa karatu. Tambarin Chapultepec fara ce mai tsalle, na Candelaria agwagwa.

Gwoggona makauniya ce, ita takarda ko wace iri ce ba ruwanta. In kuna da hali ku yi guda ɗaya a kan katako, ku manna igiyoyi masu kauri daban-daban a matsayin layuka, tashoshi kuma ƙusoshi masu faɗin kai. Ta shafa ta ji.

Sannan dattawanmu da yawa da ake cewa ba sa karatu, boko ne ba su yi ba. Ajami suna karanta shi kamar ruwa. Ka yi tunani a kai.

Razak Newtown

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana biyar ne don ina so in dawo da abin da na gwada.

Anti Zuwera, da zan rubuta mintocin sai na tsaya na ce mintin wa? Ranar Asabar da safe na taka daga inda na sa tashar Nima zuwa inda na sa ta Mamobi, waya a hannu ina auna lokaci. Minti 11. Da la'asar na roƙi Baba muka sake bi tare ina tura shi. Minti 26. Gefen titi duk kiyos ne da teburan masu sayarwa, dole muka sauko kan kwalta muna kaucewa trotro da babura. Wuri biyu murfin kwata ya karye, sai da wani mai sayar da rake ya ajiye wuƙarsa ya kama gaban keken muka ɗaga. Baba bai ce komai ba duk hanyar, sai da muka isa ya ce, "To, rubuta biyun." Don haka yanzu lamba biyu ce a jikin layin, ɗaya kusa da hoton ƙafa, ɗaya kusa da hoton keke. Na yi tasha huɗu haka, sauran sai a hankali, don ba na son wahalar da shi. Wannan awon ma shi zan fara kaiwa taswirar trotro, tare da nuna gadar da ke da gangare da wadda matakala ce zalla.

Malam Issaka, na bi dabarar roba a fuskar gaba, na bi Anti a fuskar baya. Teku tana ƙasa, Odaw da Gota da shuɗi mai haske. Saboda haka layin shuɗi ya koma baƙi don kada ya saje da ruwa. Mutala, koren ya zama ruwan ɗorawa mai baƙin gefe, jan ya zauna. Na yi fotokwafin a tsohon injinmu da ke cin tawada, ukun duk sun fito. Katakon gwoggo kuma wani kafinta a layinmu ya ce zai ba ni guntun filawud.

Baba Fuseini, Allah ya ƙara girma, Baba ya amsa gaisuwa. Sunayen duk na met ne yanzu. Hotunan ne ke ba ni aiki: Circle da'ira, Makola kwando, Legon hasumiya, Kaneshie ginin kasuwa. Nima kuwa an kusa faɗa a wurin shan ataya, wasu sun ce masallaci, wasu buhun hatsi saboda kasuwar Laraba, har yanzu ba a tsayar ba.

Jiya na sake kai masa. Bai juya takardar ba wannan karon. Ya sami teku, ya hau da yatsa ta Odaw, ya karkata ya bi Gota, ya tsaya a wani wuri da babu komai a rubuce ya ce nan ne gidanmu. Kuma nan ɗin ne.

Abin da ya rage mini biyu ne. Ajamin, limamin masallacinmu ya yarda zai rubuta mini da hannu in ɗauka a kwamfuta, amma mun tsaya kan Circle da Shiashie, yadda za a rubuta su dattijo ya karanta ya fito da sautin da met ke kira. Wanda ya saba rubuta sunayen garin nan da ajami ya taimaka. Na biyu, Malam Issaka, da na buɗe tsakiya sai 37 ta ɗan zame yamma fiye da inda take, in na mayar da ita kuma sunan Mamobi ya rasa wurin zama. Zan ɗora hoton nan bayan sallar Juma'a, ka duba mini ko zamewar ta yi yawa.